"Settle for" da "da babu gara ba daɗi": uwarsu ɗaya?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare an yi ta a gidanmu. Ƙanwata ta gama bautar ƙasa, wani malamin firamare ya fito, mutumin kirki, sai dai babur ɗinsa ne iyakar dukiyarsa. Goggo ta zaunar da ita ta ce, "Ke 'yar nan, da babu gara ba daɗi." Yarinya ta murguɗa baki ta ce, "I will not settle for less." Goggo ta juyo ta ce in fassara. Na ce wai ba za ta yi sulhu ba. Goggo ta ce, "Sulhu? Da wa take faɗa?" Sai na yi tsuru-tsuru. Ku raba ni da wannan abu, maganar Goggo da ta yarinyar abu ɗaya suke nufi?

Ticha Mai Ritaya: Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka kwafsa. Settle shi kaɗai shi ne sasantawa, a kashe magana. Da ka liƙa masa for ya sauya: ka so goma, aka miƙo shida, ka karɓa ranka bai so ba. Abin da ke bin bayan for kullum shi ne na ƙasa. Ka tuna wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abidjan, Fabrairun 2024, da masu gida suka ci mu 2 da 1? A nan ne ake cewa mun settle for na biyu. Wanda ya ɗauki kofi ba a faɗa masa haka. Settle on kuwa tsayar da zaɓi ne bayan an yi ta jeka-ka-dawo, babu rashi a ciki. Settle down shi ne abin da Goggo ke so ta yi, ta nutsu a ɗakinta.

Sarkin Zolaya: Ticha, wannan na littafi ne. A ƙasar nan settle ba ya buƙatar for, ambulan yake buƙata. Wani ya rantse gaban magoya baya ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai janye wa kowa ba, kafin asuba aka ji ya janye "don maslaha". Shi an yi settling ɗinsa, mu muka yi settle for.

Uwar Biyu: Ni dai ban ga ɗaya ba ne. Mai cewa da babu gara ba daɗi godiya yake koya maka. Na Baturen akwai ƙorafi a ciki, kamar mai cin tuwo yana leƙen tukunyar maƙwabta. Ya fi kama da rashin tuwo kan sa a ci wake a kwana.

Bazazzagiya: Haba Yaya, godiyar me? Kalmar "ba daɗi" fa tana nan zaune a cikin karin maganar. Mai ita ma bai ɓoye ba. Kuma yarinyar da ta so ta rama da Hausa tana da abin faɗa: da mugun rawa gara ƙin tashi.

Almajirin Malam: Limaminmu ya taɓo irin wannan ran Juma'a, kan sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira. An fito umra aka koma ba a yi ba, aka yarda da ajiye yaƙi shekara 10, har Sayyidina Umar abin ya yi masa nauyi. Amma Allah Ya kira shi buɗi mabayyani. Ba duk karɓar kaɗan ne faɗuwa ba.

Ticha Mai Ritaya: Gaskiya ne Malam, amma can kowane ɓangare ya bar wani abu. A settle for kai kaɗai kake sauka. Dubi ƙungiyoyin ƙwadago a kan mafi ƙarancin albashi: daga naira dubu 615 suka faro, suka sauko dubu 250, a Yulin 2024 suka karɓi dubu 70. Ka kira shi sulhu in ka ga dama.

Jikar Marina: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah Ya jiƙanta. Tana budurwa wani ɗan goro ne ke sonta, dogo, mai fara'a, ko a tsufanta in ta zo kansa sai murya ta sauya. Ya ce zai je Kumasi ya haɗo kayan aure. Damina uku tana jira, ko saƙo babu. Shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo aka yi mata hawa a Kaduna, 1956, babanta ya gaji ya ba da ita ga wani marini a Ƙofar Mata, gajere, miskili, hannunsa shuɗi har gwiwa. Ta yi kuka, innarta ta ce mata da hanau gara mannau. To tun daga ranar, in ba ya nan, Mannau take kiransa. Mu jikoki mun girma muna zaton laƙabinsa ne na yarinta.

Ƙarshen 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu daga Gana. Sai ga ɗan goro ya dawo, daga shi sai tabarma da rediyo, ya sauka a zauren wani ɗan'uwansa a unguwar. Lokacin tana da 'ya'ya biyar. Ba ta ce uffan ba. Kakanmu ne ya shigo da magariba ya ce, "A riƙa zuba kwano ɗaya a kai wa baƙon can." Shekara huɗu ana kai kwanon nan har mutumin ya rasu, kuma kakanmu ne ya sayi likkafani. Da ta tsufa na tambaye ta, "Iya, kin yi da-na-sani?" Ta kalli tafin hannunta ta ce, "Shuni in ya kama ba ya fita." Ba ta ƙara ko kalma ba.

Uwar Biyu: Allahu akbar. Wannan ai so ne, ya kama ta.

Bazazzagiya: Ko tabo. Shuni ai ɓata hannu yake yi. Matar da ta shekara hamsin tana ce wa miji Mannau?

Sarkin Zolaya: Ku duka kun bar jaki kuna dukan taiki. Wanda ya yi settle for a gidan nan tsohon ne. Ya san sarai shi ne na biyu, ya karɓi azurfarsa, har yana ciyar da mai zinare.

Jikar Marina: Kai dai Allah Ya shirye ka. Amma ka sa na tuna, ya san sunan. Ran da zai cika ya ce da ita, "To, Mannau zai saki." Ta yi dariya tana hawaye.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Faransanci aka ɗora mana, ba ruwanmu da for ɗinku. Amma duk wanda na gaisa da shi a Jibiya sai ya ce "ana maneji". Ba ita ce fassarar ba?

Ticha Mai Ritaya: Kusa, amma maneji lallaɓa abin da ke hannunka ne. Settle for a lokacin karɓa ake yinsa, sau ɗaya.

Sarkin Zolaya: Sau ɗaya? Mu duk shekara huɗu muke yi. A kawo mana biyu, ɗaya ya ci kasuwa, ɗaya ya ci rumfunan, a ce zaɓi na ƙwarai. An ba mu taliya da sabulu, an ce mai raina kaɗan ɓarawo ne. To mai kwashe da yawan fa, sunansa wa?

Almajirin Malam: A dai riƙa sassautawa, akwai manya a nan.

Ɗan Fagge: Na gode, amma har yanzu ban san me zan ce wa Goggo ba. Na karanta wa yarinyar labarin marini, ta ce ita ba ta ga inda aka tambayi kakar ra'ayinta ba. Goggo kuma ta aiko in tambaya, "less" ɗin nan ɗan wace unguwa ne.

Bazazzagiya: Tsaya tukuna, malamin nan, babur ɗin nasa ne ko na bashi? Ina da ƙanwa.