Wace manhaja ake zana maganaɗisu marar turjiya da ita, ROXIE ko COMSOL?

Nasiru, Zahran

Assalamu alaikum malamai. Aikin digiri na biyu ne a nan jami'ar KFUPM: zanen maganaɗisu mai kai biyu na injin hanzarta burbushin zarra, wayar NbTi (gamin niobium da titanium), faɗin rami 50 mm, ana neman tesla 5 a sanyin 4.2 K. Malamin da ke duba aikin yana son kowane gurɓacin filin maganaɗisu, wato b3, b5 da b7, ya tsaya ƙasa da 'yan raka'o'i (raka'a ɗaya ita ce kashi ɗaya cikin 10,000 na babban filin). Akwai COMSOL da ANSYS a hannu, amma takardun CERN, cibiyar binciken zarra ta Turai, duk ROXIE suke ambata. Dole ne sai da ita? Kuma da me ake farawa?

Injiniya Bala, Jidda

Wa alaikumus salam. Malam Nasiru, da biro da takarda ake farawa. Idan koyil ɗinka yanki ne na digiri 60 a kowane ɓangare, ƙarfin fili a tsakiya kusan 0.00069 ne sau cunkoson lantarki, amfiya a kowace murabba'in milimita, sau kaurin koyil a milimita. Gwada da na LHC, babban injin hanzarta burbushi na CERN: kauri wajen 30 mm, cunkoso wajen 400, sai ka samu tesla 8.3, kuma 8.33 ne ainihin nasu. Kai kuwa da kebul mai faɗin 15 mm a layi ɗaya, koyil zai ba ka wajen tesla 4, ƙarfen da ke kewaye ya ƙara wani abu. In manhaja ta kawo adadin da ya yi nisa da wannan, kuskuren yana cikin abin da ka shigar.

Kusurwoyi ma da hannu ake fara su. Digiri 60 yana kashe b3 kaɗai. Ka raba koyil gida biyu, 0 zuwa 48 da 60 zuwa 72, ka cusa weji na tagulla a tsakani, b3 da b5 duka sun mutu.

Sai ROXIE. A CERN aka rubuta ta a ƙarƙashin Stephan Russenschuck tun shekarun 1990, da ita aka zana koyil ɗin LHC. Ta san kebul ɗin Rutherford kamar tafin hannu: ka ba ta faɗi, kaurin bakin ciki da na waje, yawan sili da kaurin rufi, ita ta jera su a kan baka. Filin koyil tana lissafa shi ne da ƙa'idar Biot-Savart, ƙarfe kaɗai take yanka wa raga, wato ta raba shi ƙananan gutsattsari domin lissafi, iska da koyil babu raga. Abin da ya sa take kama gurɓaci na kashi ɗaya cikin 10,000 ke nan ba tare da wahala ba. Tana kuma lalubo kusurwoyin weji da kanta, ta zana kawunan koyil, wato ƙarshensa biyu inda waya ke juyawa. A Linux take aiki, kuma lasisi daga CERN ake nemansa da sunan makaranta, don haka shugaban sashe ne zai rubuta, ba ɗalibi ba. A tura takardar tun yanzu.

Dakta Hauwa, Suwal

Injiniya ya faɗi gaskiya, amma ban yarda Nasiru ya naɗe hannu yana jiran lasisi ba. COMSOL za ta yi yankan fuska biyu, ko ma FEMM da ake saukewa kyauta. Kwamfutar cinya ta isa, wannan ba aikin Shaheen, babbar kwamfutar jami'ar KAUST, ba ne.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen fitar da b3. Kada ka karanta B, wato ƙarfin fili, kai tsaye daga raga mai ƙananan alwatika, tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, sai ka ga gurɓacin ƙarya na raka'a da yawa. Zana da'ira a kashi biyu cikin uku na rabin faɗin ramin, wajen 17 mm ke nan a naka, daidai da abin da LHC ke amfani da shi a raminta na 56 mm. Sa da'irar ta zama layi na gaske a cikin zanen don raga ta bi ta, ka ɗauki Az a kanta, wato adadin da manhaja ke fitar da B daga gare shi, ka yi lissafin Fourier don ware b3 da sauransu. Sannan ka ninka yawan raga sau biyu. Idan b3 ta motsa fiye da 0.1, ba ka kai ba tukuna.

Rubu'in maganaɗisu kawai za ka zana: Az daidai da sifili a layin tsaye, layin kwance a bar shi haka nan. In ka juya su, fili zai kwanta. Kuma wannan na mai rami ɗaya ne. Mai rami biyu irin na LHC hagu da dama ba su daidaita, b2 da b4 suna fitowa.

Ƙarfe yana ƙoshi a wajen tesla 2. Ka duba jadawalin B da H na ƙarfen da ka shigar ya wuce nan sosai, don wasu manhajoji miƙe layin ƙarshe kawai suke yi, su ba ƙarfe ƙarfin da ba shi da shi. Lissafa b3 a matakin lantarki goma ko fiye, ka ga yadda take lanƙwasa.

Nasiru, Zahran

Na gode Dakta. To girman kebul, na ɗumi zan sa ko na sanyi?

Malam Auwal, Riyad

Na sanyi, kuma bayan an matse. Daga ɗumin ɗaki zuwa 4 K, alminiyam yana tsukewa wajen 4 mm a kowace mita, bakin ƙarfe marar tsatsa wajen 3, ƙarfen kewaye wajen 2. Ba tare suke tafiya ba. Gocewar 0.1 mm a bakin koyil tana iya motsa b3 fiye da raka'a ɗaya. Nan ne ANSYS take shiga: a lissafa matsin haɗawa, sai sanyaya, sai kunna wuta, a mayar da siffar da ta fito cikin lissafin fili. A tesla 5 matsin maganaɗisu wajen 10 MPa ne. Idan matsin farko bai isa ba, koyil zai saki kwala, wato zoben da ke matse shi, waya ta ɗan gurza, zafin gurzar ya isa ya fitar da ita daga halin rashin turjiya, abin da ake kira kwenc.

Akwai abu biyu da FEMM ba za ta nuna maka ba, Dakta ma ta sani. Na farko lantarkin da ke maƙale a cikin zaruruwan NbTi, wanda ke ɓata b3 sosai a ƙaramin fili, har ya riƙa sauyawa da lokaci kamar yadda aka gano a Tevatron ta Fermilab. ROXIE tana lissafa shi in ka ba ta kaurin zare. Na biyu kwenc ɗin kansa. Domin wannan CERN tana da tsarin STEAM, a cikinsa akwai manhajar LEDET, ka shigar da rabon tagulla da tsaftarta da jinkirin gano kwenc, ta ba ka zafin wuri mafi zafi. A saba riƙe shi ƙasa da 350 K.

Kuma ɗan'uwa, ratar aminci da fili mafi ƙarfi a jikin waya ake auna ta, ba na tsakiyar rami ba. Yakan faɗo a zagayen da ke kusa da kan maganaɗisun, ya fi na tsakiya, a kawunan koyil kuma yana iya ƙaruwa in ƙarfe ya rufe su. Shi ya sa ake datse ƙarfen kafin a kai kawunan.