Famfunan kalsiyam sun ƙi zama mini a kai, a taimaka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aji biyu a karatun likitanci, jarrabawa ta ƙarato. PMCA, SERCA da NCX, wato famfunan da ke jikin ƙwayar halitta, duk kalsiyam suke kwashewa, to me ya sa ƙwayar halitta ɗaya take buƙatar ukun? Hadda zan yi, ko akwai yadda zan fahimce su?

Wata 'yar aji biyar:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka fara da hadda. Kalsiyam da ke wajen ƙwaya ya ninka na cikinta kusan sau 10,000. Ana riƙe na cikin ƙasa-ƙasa ne don in ya ɗan hau ya zama saƙo: tsoka ta tsuke, jijiya ta saki sinadarinta. Da saƙo ya isa, dole a kwashe shi nan take. NCX kamar mai kwalfe ruwa da bokiti ne, yana ɗiba da yawa amma sai ruwan ya taru. Yana shigo da sodiyam 3 ya fitar da kalsiyam 1, ba ya ƙona ATP, wato makamashin ƙwaya, da kansa. PMCA kuwa kalsiyam 1 take fitarwa a kowane ATP, a hankali, amma ita ke tsince ragowar. SERCA kuwa ba waje take kaiwa ba, ma'ajiyar cikin ƙwaya take mayarwa, 2 a kowane ATP.

Wani malamin jami'a:
Ta yi bayani daidai. Inda ɗalibai suke faɗuwa shi ne wa ke juya famfunan. PMCA tana da jela da ke danne ta. In kalsiyam ya hau, sai ya haɗu da wani furotin mai suna kalmodulin, su ɗage jelar, famfo ya ƙara gudu. A zuciya, furotin fosfolamban ne ke riƙe SERCA. Adirenalin na zuwa, inzayim ɗin da ake kira PKA ta liƙa wa fosfolamban fosfet, ya saki SERCA, zuciya ta riƙa saki da sauri tsakanin bugu da bugu. Ka zana wannan da hannunka, yarona. Sannan ka tambayi kanka dalilin da maganin zuciya digoxin ke ƙara ƙarfin bugu, alhali famfon sodiyam da fotasiyam yake tarewa.

Wata likita:
Ni abin da ya zaunar mini da shi a kai shi ne masu sikila da muke gani kullum a asibiti. Jajayen ƙwayoyin jinin ɗan Adam da PMCA suka dogara wajen fitar da kalsiyam. In ƙwaya ta lanƙwashe, kalsiyam ya kutsa, ƙofar fotasiyam da ake kira Gardos ta buɗe, fotasiyam da ruwa su fice. Ƙwayar ta bushe, ta ƙara saurin lanƙwashewa.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Malam, digoxin ɗin: sodiyam ne ke taruwa a ciki, NCX ya rage aiki, kalsiyam ya ƙaru?

Wani malamin jami'a:
Haka ne. SERCA ta tara ƙarin a ma'ajiya, bugu na gaba ya fito da ƙarfi.