Wane suna za mu ba FIRE da Hausa?

1/ Jama'a, a taya ni neman suna. Abin da Turawa ke kira FIRE (Financial Independence, Retire Early, wato dogaro da kai a kuɗi da barin aiki da wuri) shi ne mutum ya tsuke bakin aljihunsa, ya riƙa zuba kaso mai tsoka na samunsa a jari, wasu har rabi, sai jarin ya kai ya ɗauki nauyinsa ya ajiye aiki tun da sauran ƙarfinsa. Ina ganin ana rubuta "ritaya da wuri". Bai kwanta mini ba.

2/ Ritaya a kunnenmu tafe take da shekaru da fansho: wa'adi ya cika, an sallame ka, wani ke biyanka. A nan babu mai sallama, babu mai biya. Kuma wanda ciwo ko rage ma'aikata ya zaunar da shi a gida, shi ma ritaya da wuri ya yi, alhali ko sisi ba shi da shi a jari.

3/ "Jarin hutu" ma na ajiye shi. Hutu ana komawa.

4/ Sunan sai ya nuna inda nauyin yake, wato adadin kuɗin. A 1994 wani mai ba da shawara kan kuɗi a Amurka, William Bengen, ya bi tarihin kasuwar hannun jari da takardun lamuni na ƙasarsu. Ya ga wanda ya ciri kashi 4 cikin 100 na jarinsa a shekarar farko ta ritaya, yana ƙarawa daidai da hauhawar farashi, kuɗinsa sun kai shi shekara 30. Daga nan aka samo lissafin ninki 25: mai kashe miliyan 4 a shekara yana bukatar miliyan 100. Amma fa shekara 30 aka auna. Wanda ya ajiye aiki yana ɗan 40 yana iya bukatar kuɗin su kai shi shekara 50, shi ya sa masu taka tsantsan ke saukowa kusa da kashi 3.

5/ Abin da na tsaya a kai: kuɗin a kira su "jarin murabus", tsarin kuma "murabus da jari". Murabus sauka ce da mutum ke yi da bakinsa, kujerar tana nan, ba a ce ya tsufa ba. Jari kuma ya raba shi da kuɗin da aka jibge a asusu, waɗanda tsadar rayuwa ke cinyewa.

6/ Inda nake neman gyaranku: a labarai ana cewa "an tilasta masa yin murabus". Malaman Hausa, wannan ya ɓata kalmar, ko "da jari" ya isa ya wanke ta?