Wane Harshe, Wane Rukuni? Shawarwarin Masu Tara Faifan Prog

Masu tara faifan prog, wato kiɗan progressive rock, sun yi muhawara kan ko harshen waƙa ne ke nuna rukunin da za a sa faifai. Muhawarar ta fi zafi a kan Magma, ƙungiyar Faransa da makaɗin ganga Christian Vander ya kafa a 1969. Harshen da suke waƙa da shi, Kobaïan, shi ya ƙirƙiro abinsa, kuma daga cikinsa aka samo sunan salon, Zeuhl. Shawarar da ta rinjaya ita ce a duba kiɗan kafin harshen: gurnanin jitar bes, amshin taron mawaƙa, da maimaitawa kamar ta masu zikiri. Shi ya sa ƙungiyar Koenjihyakkei ta Japan ta samu gurbi a rukunin Zeuhl.

Italiya ce ta kawo ruɗani. Ƙungiyar PFM (Premiata Forneria Marconi) ta ƙasar ta sake rera waƙoƙinta da Turanci a 1973 don kasuwar Ingila da Amurka. Masu tsohon kunne suka ce sabon shiga ya fara da na Italiyanci. Ni ma ina bayansu, muryar ta fi zama daram.

Shi kuwa rukunin RIO (Rock in Opposition), asalinsa taron kiɗa ne da ƙungiyar Henry Cow ta Ingila ta shirya a Landan a 1978, don haka aka ja kunne kada a riƙa liƙa sunan ga duk faifan da ya gagari fahimta.