Wai in aka yi wa mutum allurar barci a tiyata, ina hankalinsa yake tafiya?

Dan_Kurna:
Salam jama'a, tambaya gare ni, don Allah kar a ce na fara taɓuwa. Mutum in za a yi masa aiki aka ɗirka masa allurar barci, awa uku ana yanka ana ɗinki bai san duniyar da yake ba, ya farka kamar yanzu ya rufe ido. Barcin dare ai kana tashi ka san lokaci ya ja, wannan kuwa shiru. To shi wannan mai ji da ganin da ke cikinmu ina ya shiga? In ba ƙwaƙwalwa ba ce kawai, ta yaya ruwan allura ke iya kai masa?

Maman_Hanan:
Ƙwaƙwalwa ce malam, ni a asibiti nake aiki kullum muna gani, maganin barci propofol kaɗan a jijiya, kafin minti ɗaya mutum ya tafi. Ka nemi labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka, 1848 sandar ƙarfe ta shiga ta kuncinsa na hagu ta ɓullo ta saman kai, bai mutu ba sai 1860, amma likitansa ya rubuta cewa halinsa ya sauya, mai natsuwa ya koma mai zage-zage da rashin haƙuri. Nama aka taɓa fa, hali ya canza.

Bazazzage:
Hajiya a yi haƙuri, wannan bai kashe magana ba. Ka fasa rediyo murya ta shaƙe, ai ba ka taɓa mai karanta labarai ba. Ibn Sina, masanin falsafa da ya rasu 1037, kuma shi ma likita ne, cewa ya yi ka ƙaddara an halicci mutum yanzun nan yana shawagi a iska, ido a rufe, gaɓoɓinsa a ware ba mai taɓa wata, ba ya jin komai, zai san yana da hannu? A'a. Zai san akwai shi? Ya ce eh. Daga nan ya kafa hujjarsa cewa rai daban jiki daban.

Abu_Sumayya:
Ku bi a hankali dai. Suratul Isra'i aya ta 85, ruhi na daga al'amarin Ubangiji, ilmin da aka ba mu kaɗan ne.

Bazazzage:
Haka ne akaramakallah, ba haƙiƙanin ruhi muke tonowa ba. Su kansu Turawan sun cije a nan, masanin falsafa David Chalmers a 1995 ya kawo hujjar da ke nufin, a misali, ko ka bi duk jijiyar da ke kai saƙon barkono daga harshe zuwa kai, ba ka faɗi me ya sa ake JIN yajin ba, don me aikin bai gudana haka nan ba tare da mai ji ba.

Maman_Hanan:
Na yarda ta Chalmers tana da nauyi wlh. Amma mutumin Ibn Sina da ƙwaƙwalwarsa yake shawagin nan, ba a cire masa ita ba. Ku ba ni shi in sa masa allura mu ga ko zai ci gaba da sanin akwai shi.