Jirgin ruwan da aka saba tsere da shi, zai iya ƙetare Atilantika lafiya?

Ɗan Birni, Damagaram:

Assalamu alaikum, malamai da ƴan'uwa. Tambayata a kan abin da mu mutanen Damagaram ba mu taso a cikinsa ba ne, amma na san akwai waɗanda karatu ko neman abinci ya kai bakin teku a cikinku. Ƙanena yana aikin gyaran ƙananan jiragen ruwa a Las Palmas, cikin tsibiran Kanari, kuma wani Bafaranshe da yake gyara wa jirgi ya nemi ya raka shi su ƙetare tekun Atilantika zuwa Karibiyan a watan Nuwamba, su huɗu. Jirgin ƙirar kamfanin Beneteau ne, samfurin First 36.7, tsawonsa kusan mita 11, da ƙyallen kama iska yake tafiya, injinsa kuwa ƙarami ne na shiga tasha da fita. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai jirgin ya saba shiga tsere da shi. Shin jirgin da aka ƙera domin gudu zai ɗauki mutane da guzurinsu na makonni a tsakiyar teku ba tare da ya gaza ba? Kuma gudun nan da ake yabo, nawa ne a zahiri? Mahaifiyarmu ta ɗora mini alhakin ba yaron amsa, ni kuwa ba na son in hana shi ko in sake shi a kan jahilci.

Malamin Kimiyya, Zango:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Birni. Bari in ɗauki tambayar gudu, tunda ita ce ta faɗo a fannina. Jirgi mai nauyi irin wannan yana ture ruwa ne yana wucewa, kuma yayin da yake tafiya yakan tayar da igiyar ruwa ɗaya a goshinsa, ɗaya a bayansa. Idan gudu ya ƙaru har tazarar igiyoyin biyu ta kai tsawon jikin jirgin da ke cikin ruwa, sai ya zama yana ƙoƙarin hawa tudun da shi da kansa ya tayar, daga nan kuma ƙarin iska ba ya ƙara masa gudu sai kaɗan. Lissafin da aka saba yi shi ne a ninka tushen murabba'in wannan tsawo, a mita, da 2.43. Idan tsawon ya kai mita 9, tushensa 3 ne (domin 3 sau 3 tara ne), amsar kuwa ita ce kusan mil 7.3 na teku a awa, kuma tunda mil ɗaya na teku kilomita 1.852 ne, gudun bai kai kilomita 14 a awa ba. Yakan zarce haka na ɗan lokaci idan yana gangarowa daga kan babbar igiya da iska a bayansa.

A doguwar tafiya kuwa matsakaicin gudu ake dubawa. Daga Las Palmas zuwa tsibirin Sen Lusiya da ke Karibiyan kimanin mil 2700 ne na teku, hanyar da ARC, wato ayarin ƙananan jiragen ƙyalle masu ƙetare Atilantika tare, yake bi kowace Nuwamba tun 1990. Jirgin da ya riƙe mil 6 a awa dare da rana zai ci mil 144 a kwana, ya isa cikin kwana 19 ko kusa da haka. Dalilin zaɓen wannan wata shi ne lokacin guguwar Atilantika yana ƙarewa, kuma iskar arewa maso gabas tana fara daidaita, wato dangin iskar da ke kawo mana ƙurar hunturu a nan.

Baƙon La Roshel:

Malam ya yi lissafi daidai, ni kuma zan ƙara abin da na gani da idona, domin a wannan gari na Faransa nake zaune, kuma ina cikin masu taya wani maƙwabcina tsere da jirgi mai irin wannan girma. Ɗan'uwa Ɗan Birni, kwantar da hankalinka a kan abu ɗaya: First 36.7 ba jirgin tsere zalla ba ne. Ofishin Bruce Farr, mutumin Niyu Zilan, shi ya zana shi a farkon shekarun 2000 domin ya yi aiki biyu, shi ya sa a cikinsa akwai ɗakunan kwana da murhun girki da banɗaki. Kamfanin ma tsoho ne, an kafa shi a 1884 yana ƙera jiragen masunta, kuma yana fitar da samfurin First domin masu son gudu, samfurin Oceanis domin masu son sarari da hutu. Babban wan wannan jirgi, First 40.7, ya ci tseren Sidini zuwa Hobat na Ostireliya a 2003 bisa lissafin da ke daidaita manya da ƙananan jirage, tseren mil 628 a tekun da aka sani da tsanani.

Sai dai gudun ranar tsere yana da sharuɗɗa da ba za su bi jirgin zuwa Karibiyan ba. A ranar tsere muna sauke duk abin da doka ta yarda a sauke, ana wanke ƙasan jirgin da ke shiga ruwa har ya yi santsi, sannan mu bakwai ko takwas ne a kai. Idan ana tafiya ana fuskantar iska, wanda jirgi ba ya iya yi kai tsaye sai a karkace da kusan digiri 40 zuwa 45, yawancinmu muna zaune ne a gefen da iska ke bugowa, ƙafafu a waje, ruwan gishiri yana dukan fuska, domin nauyin jikinmu ya hana jirgin kwantawa. Mutum huɗu da ke karɓa-karɓa, biyu a farke biyu suna barci, ba su da wannan nauyi, kuma ba su da hannuwan sarrafa babban ƙyallen nan mai kumbura da ake tayarwa idan iska tana baya. Ga kuma kaya: lita 3 ta ruwan sha ga kowane mutum a rana, mutum huɗu, kwana 20, lita 240 ke nan, ban da gazuwal da abinci da kwale-kwalen ceto. Dokin sukuwa ma idan aka ɗora masa mangala zai kai ka gari, amma ba da saurin ranar hawan salla ba.

Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne halin mai jirgin. Jirgi mai doguwar sandar rataya ƙyalle da kuma faɗin ƙyalle yana tafiya da kyau a ƴar iska kaɗan inda masu nauyi ke tsayawa cik, wannan alheri ne, amma yana bukatar a rage ƙyallen da wuri, tun kafin magariba, ba sai hadari ya iso cikin duhu ba. Mutumin da ya saba tsere yakan ji nauyin rage gudu. Ƙanenka ya fita da shi tafiyar kwana biyu ko uku tukuna, ya ga ko yana da haƙurin yin hakan.

Injiniya, Mirriya:

Na yarda da yawancin maganar Baƙon La Roshel, amma ina ganin ya ambaci nasarar First 40.7 ya bar ɗaya ɓangaren tarihinsa, kuma mai tambaya yana da haƙƙin ya ji shi. A watan Mayu na 2014 wani jirgi na wannan samfuri mai suna Cheeki Rafiki yana komawa Ingila daga tsibirin Antigwa na Karibiyan, sai ƙarfen nauyin da ke rataye a ƙarƙashinsa ya ɓalle a tsakiyar Atilantika, jirgin ya kife, mutum huɗu da ke ciki suka rasu. Da aka gano gangar jirgin, kwale-kwalen ceto yana nan a ma'ajiyarsa ba a buɗe ba. Hukumar binciken haɗurran ruwa ta Birtaniya ta nuna cewa mai yiwuwa bugun ƙasa da jirgin ya sha a baya, da gyare-gyaren da suka biyo, su ne suka raunana wurin da ƙarfen ke haɗe da gangar.

Wannan ƙarfe shi ne ke tayar da jirgi tsaye duk lokacin da iska ta kwantar da shi. A jiragen gudu ana yin sa siriri mai zurfi, ya kai wajen mita 2 a cikin ruwa, an ɗaure shi da manyan kusoshi a ɗan ƙaramin wuri, saboda haka idan ya daki dutse, ƙarfin dukan yana taruwa a nan. Jirgin da ya yi shekaru ana tsere da shi kusa da gaɓa, a nema masa tarihi. Tunda ƙanenka mai gyara ne, Malam, ya nemi a ciro jirgin daga ruwa, ya ɗaga allunan daɓen ciki ya duba kusoshin ko da tsatsa, ya duba ko akwai tsaga ko jiƙa a kewayensu, kuma a kira ƙwararren mai bincike wanda ba yaron mai jirgi ba ne. A duba allon juya akalar jirgi da wayoyin ƙarfen da ke riƙe sanda, a kuma tabbata kwale-kwalen ceto yana inda hannu zai kai gare shi ko da jirgin ya kife.

Baƙon La Roshel:

Gaskiyarka, Injiniya, kuma ban ja da ko ɗaya ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne binciken nan ya wajaba a kan kowane jirgi mai irin wannan ƙarfe, na tsere ne ko na yawo, kuma mai jirgin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi ko jirginsa ya taɓa bugun ƙasa. Idan ya yi ta kewaye-kewaye, yaron ya zauna a kan aikinsa.

Ɗan Birni, Damagaram:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Zan kira shi bayan sallar isha'i in karanta masa sharuɗɗan nan: a ciro jirgin a bincika, a yi tafiyar gwaji, a ga inda kayan ceto suke. Saura abu ɗaya da na san Hajiya za ta tambaya: a tsakiyar teku, inda wayar salula ba ta kamawa, ta wace hanya za mu riƙa jin labarinsa, kuma wace na'ura ya kamata ya tabbata tana cikin jirgin kafin su tashi?