Kuregen Amurka da inuwarsa, duba ne ko wasa?

Baffa: Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Mutanen da suka taka wata, wai duk 2 ga Fabrairu sai sun ciro wani ƙaton kurege su tambaye shi yaushe sanyi zai ƙare, in ya ga inuwarsa wai saura sati 6, in bai gani ba sauƙi ya kusa. Ni dai nace duba ne tsagwaronsa, da mu ne muka yi da tuni an ce camfin 'yan Afirka.

Ladidi: Haba Baffa 😂 ni fa a Pittsburgh nake, garin da ake yin abin, Punxsutawney, a jihar mu yake Pennsylvania. Groundhog Day suke ce masa, dabbar kuma sunansa Phil, dangin kurege ne amma ya fi namu girma nesa ba kusa ba kuma irinsa na daji barci suke duk lokacin sanyi. Wallahi ba wanda ke tsara tafiyarsa da maganar Phil, biki ne kawai, mutane dubbai su taru tun kafin asuba cikin sanyi a wani tudu Gobbler's Knob, wasu dattawa da dogayen huluna su ɗaga shi sama a yi ta ihu, tun 1887 ake hawa tudun nan.

Baffa: To ke 'yar nan in wasa ne daga ina ya samo asali? Ba a rasa tsafi a ƙasa.

Ɗan Zinder: Baffa na da gaskiya ta wani gefen, mutanen Ayland na da can suna da bikin Imbolc a 1 ga Fabrairu tun kafin Kiristanci ya je musu, su ma suna duba yanayi a lokacin.

Malam: A'a ɗan'uwa, kar mu haɗa abin da bai haɗu ba. Waɗanda suka kai al'adar Pennsylvania Jamusawa ne, ba 'yan Ayland ba. 2 ga Fabrairu kwana 40 ke nan da Kirsimeti, ranar da coci ke bikin Candlemas ana sa wa kyandir albarka, manoman Jamus kuma suna cewa in rana ta fito tar a ranar har wata dabba mai kama da dage ta ga inuwarta to sanyi zai ja. Da suka zo Amurka sai suka ɗora wa kuregen da suka tarar a gonakinsu. Kusancin kwanan wata kuwa ba abin mamaki bane, wajen nan ne tsakiyar lokacin sanyinsu, duk manomin da ciyawar dabbobinsa ta fara ƙarewa dole ya fara lissafi.

Ɗan Zinder: Na ji Malam, amma ban saki ba gaba ɗaya.

Ladidi: Kai ni abin da ke ban dariya ma Phil ɗin ba a rami yake kwana ba, ɗaki aka yi masa a jikin laburaren garin, ranar kawai ake kai shi, kuma takardar hasashen a rubuce take tun kafin a ciro shi, shugaban dattawan ya kara kunne wai yana jin yarensa.

Malam: Baffa tambaya ɗaya, in ka ga shamuwa ta sauka a kan kuka ba ka cewa damina ta kusa a fara gyaran gona?

Baffa: Malam kar ka haɗa min shamuwa da wannan, ita ruwan take bi da gaske. Shi fa da aka gwada hasashensa da bayanan hukumar yanayi ko rabi bai ci ba, gara ka jefa kwabo sama.

Ladidi: Ai ka ga ka kashe maganarka da kanka Baffa, wane boka ne zai shekara sama da 130 yana faɗuwa kuma ana komawa wurinsa?

Baffa: Ke ba ki san bokaye ba ne.